Abin da Gahawa Ta Faɗa wa Maganaɗisu

Iskar Bora ta kwana tana dukan tagogin Trieste.
Da safe Tullio ya shigo, hula a hammata,
ya ajiye ƙullin gahawa a kan teburina
kamar wasiƙar da yake tsoron karantawa.
"Nives, tambayar mini akwatin nan naki."

Akwatin nawa bai fi tanderun girki ba.
Wanda na koyi aiki da shi a jami'a
ɗaki guda ya cinye, sai da tsani ake kai wa bakinsa,
ana shayar da shi sanyin da ya fi ƙarfin ƙanƙara.
Wannan kuwa ga shi tsakanin ma'auni da butar shayi,
waya ɗaya a bango ta ishe shi.
Sharaɗinsa guda ne: bar makullanka a bakin ƙofa.

Na jiƙa garin a kulorofom, na girgiza,
na tace da auduga, ruwan ya sauko fatsi-fatsi,
na ɗura a kwalbar da ba ta kai fensir kauri ba,
na zura ta rami.

"Me ake yi a ciki?"
Na ce, kowace ƙwayar haidirojin katantanwa ce mai juyi.
Maganaɗisu ya tsayar da su sahu,
bugun rediyo ɗaya ya karkace su,
wajen miƙewa sai kowacce ta saki ɗan amo,
amon kuwa gwargwadon wanda take zaune kusa da shi.
Ta jikin mai da muryarta, ta jikin kafeyin da tata.
Ba ma tuhumarsu. Kunne kawai muke kasawa.
Ya ce, "Ashe kamar mutanen unguwa."

Sau ɗari biyu da hamsin da shida akwatin ya saurara,
don raɗa ba ta jiyuwa sai an maimaita.
Tullio ya ƙirga jiragen ruwa ta taga,
ya ƙi kujera, ya ƙi shayi.

Layi ya fito a allo, tudu da kwari
kamar duwatsun Karso da ke bayan gari.
Manyan tsaunukan mai na wuce su, na san su.
Idona yana wuri ɗaya: uku da ɗigo sha shida,
inda arabika zalla ke kwanciya luf
kamar teku ranar da iska ta yi fashi.
Nan wani ƙaho ya tsiro, siriri, ba kunya.
Robusta.
Kashi ɗaya cikin biyar, in ma bai ɗara ba.

A buhun an rubuta sunan Egidio.
Shekara arba'in da ɗaya yana sauke masa kaya.
Shi ya riƙe masa 'ya a coci ranar baftisma.

Na jira ihu. Bai zo ba.
"Tun Satumba harshena ya gaya mini," in ji shi,
"wani ɗaci can baya, kamar ƙonanniyar taya.
Amma harshen nan ya ci miyar gidan Egidio.
Na so in ji daga bakin da bai taɓa ci ba."

Na buga masa takardar. Ya ninke ta huɗu,
ya shafa gefenta da farce har ta kwanta.
"Yana faɗin dalili?"
Na ce a'a. Nawa ne, mene ne, iyakarsa ke nan.
Bashi ne, ko ciwon matarsa, ko shi ma cutarsa aka yi,
babu wurinsu a kan layin nan.

Ya sa hula. Iska ta ƙwace ƙofa daga hannunsa.
Ina wanke kwalbar da asiton na ga makullansa
a faranti, inda ya bar su.
Ta taga na hango shi: bai nufi shago ba,
ya gangara tashar jiragen ruwa,
hannu ɗaya dafe da hula, ɗaya dafe da aljihu.